Gaisuwar da ta ja min asarar ƙwallon Ba'amurke

Gaisuwa ce ta sa na rasa ƙwallon, kuma wallahi har yau abin yana ci min rai. Yanzu da na shiga ajin manya na iya latsa waya da kaina, babu mai tare ni, sai na amayar da shi.

Wata Alhamis ce da kaka, saura shekara uku a samu 'yancin kai, ina aji uku a elementare ta Tudun Wada. Wani Ba'amurke mai duba rijiyoyi ya tsaya da motarsa jif a makarantarmu, ya fito da sanda kamar ƙaramar taɓarya da farin ƙwallon fata mai jan ɗinki. Mu da ƙwallonmu tsumma ne a ɗaure da rama, sai muka saki baki. Ya sa aka ajiye buhun ƙaiƙayi huɗu a fili, Malam Isa malaminmu yana fassara: a jefo maka, ka maka, ka zagaye buhunan da gudu kafin a dawo da ƙwallon. Wanda ya fara zagayewa, ƙwallon ya zama nasa. Yara suka yi ta dukan iska, shi kuma yana ta ƙyaƙyatawa.

Ni da na saba korar birai a gona, da aka jefo min na zabga masa sanda, ƙwallon ya faɗa can cikin dawa. Na arce. Buhu na ɗaya, na biyu, na uku, ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa. Sai ga Baffa Haladu, yayan babana, a kan jakinsa ya ratso filin, don nan ce hanyarsa ta kasuwa. Ɗan gidanmu ba ya wuce babba a tsaye, balle a guje. Na zube.

"Audu, an tashi lafiya? Ya jikin babarka?"

"Da sauƙi, Baffa."

"Akuyar nan ta haihu kuwa?"

"Ta haihu, Baffa."

"Nawa?"

Ina durƙushe ina hango ƙarshen filin, taku goma bai kai ba. Ina hango Sule ɗan ajinmu ya fito daga dawa da ƙwallon yana washe baki. Malam Isa ma bai ce in tashi ba, shi ma hannu ya dunƙule yana gaisuwa. Baffa na cikin ba ni saƙon a mayar masa da laujensa Sule ya dangwara min ƙwallon a ƙeya. An cire ni.

Ba'amurken ya yi dariya har da riƙe ciki, ya faɗi wata magana, ya sake fashewa. Na tambayi Malam Isa me ya ce, sai ya ce, "Barkwancin ƙasarsu ne, ba ya fassaruwa." Babu wanda ya zagaye ranar, mutumin ya tafi da abinsa.

Yanzu jikata tana nuna min wasan a waya, filin cike maƙil, mutum ya zame ya faɗi su hau shewa. Ina kallo, ban gane abin dariyar ba. Yaran yanzu kuwa wuce ni suke a guje da abu a kunne. Su da sun ci ƙwallon.

Don Allah ku tura wa na gaba, ko zai kai ga wanda ya san abin da Amurkawa ke cewa in mutum ya durƙusa a tsakiyar fili.