Ranar da Gado Bai Ƙwanƙwasa Faifai Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, goma ga watan Sha'aban, 12 ga Maris 1957, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Gado Maizarto a shantiyen gini da ke bakin Sabon Gari a nan Maraɗi. Faifan zarton da yake yanka dutse da shi ne ya fashe, ɓangare guda ya same shi a wuya. Kafin kamyon, motar ɗaukar kaya, ya kai shi wajen likita rai ya yi halinsa. An rufe shi da la'asar a Jiratawa, garinsu. Ni Sha'ibu, mai zuba masa ruwa a bakin inji, ina tsaye taku biyu daga gare shi.

Gado, mutane sun san mu tare, amma ba kowa ya san mafari ba. Shekarar da Gulbi ya cinye tsohon gari, ka gan ni da tsohuwata bisa tudu, ba mu da ko tabarma. Ba dangin iya, ba na baba, ka kai mu ɗakinka, kai ka koma rumfa har kaka ta yi. Da na buɗe baki zan yi godiya sai ka ce in adana ta, wai godiya ba ta tsufa. Daga baya kai ka tsaya gaban Mushe, Nasaran da ke kula da shantiye, ka ce ba ka aiki sai da ni.

Da aka kawo injin nan daga Faransa kowa ya ja da baya, kai kaɗai ka matsa. Faifai ne na ƙarfe, bakinsa ba haƙori ko ɗaya, sai ƙwayoyin lu'ulu'u kamar yashi. Kana cewa kakarka ce ta dawo, ba haƙori amma ba abin da ya gagare ta ci. Da kunne ka koye shi. In kukansa ya yi siriri sai ka harare ni, ka ce ƙishirwa yake ji, ko so nake ya ƙone? In ya kama rawa, ka tsai da inji ka kwance shi, ka share tsakuwar da ta maƙale a bayansa. Ranar da yanka ya karkace aka zage ka a gaban mutane, ka san ni ne na zuba ruwa gefe guda, amma ka haɗiye zagin ba ka ambace ni ba. Kuma kowace safiya, kafin a tayar da inji, sai ka ciro kile, makullin ƙarfen nan da kake ɗaure faifai da shi, ka ƙwanƙwasa faifan ka kasa kunne. In ya yi amo kamar tasa, lafiya. In ya yi kamar fasasshiyar ƙwarya, akwai tsaga, ba mai kusantarsa.

Akwai abu ɗaya da nake gani kana yi ban taɓa tambaya ba. In bakin faifan ya yi santsi ya daina ci, sai ka ɗauko jan bulo mai taushi ka yanka sau uku ko huɗu, ka ce kana ba shi kalaci. Na ɗauka cikin barkwancinka ne. Ashe wasa bakinsa kake yi don cinsa ya dawo. Wallahi ban sani ba sai da Mushe ya faɗa bayan an binne ka.

Ka tafi Jiratawa ranar Juma'a duba mahaifinka da ba shi da lafiya, ka bar mini inji. Asabar faifai ya dakushe, yana ta gurzar dutse yana tartsatsi, ba ya shiga. Mushe ya yi ta faɗa, ya ce wani faifan sai bayan wata uku zai iso, in wannan ya mutu kowa ya kama gabansa. Ni kuwa tun da aka haife ni, ƙarfen da ya dakushe, hauya ce ko gatari, maƙera ake kai shi. Lahadi ba aiki, na naɗe faifan cikin buhu na hau jaki zuwa Tsibiri wajen Rabo maƙeri. Rabo ya juya shi ya juya, ya ce wannan ba irin ƙarfenmu ba ne, shi ba ya son taɓa shi. Na nace, har da haɗa shi da Allah. Ya sa bakin a wuta, ya bi shi da masaba. Ba shi da laifi ko na ƙwayar gero. Na dawo Litinin da yamma na goge baƙin wutar da toka har ya yi ƙyalli, ina jin na fitar da kai kunya.

Talata ka dawo ka tarar na riga na ɗaura shi. Ka ciro kile ka ɗaga hannu. A nan tsoro ya kama ni, kada kunnenka ya tona abin da na yi.

Na ce, "Na ƙwanƙwasa, lafiya lau yake."

Ka dube ni ka yi murmushi, ka ce, "To, kunnenka kunnena ne." Ka mayar da kile aljihu, ka ce in kawo ruwa.

Shekara biyu ba ka taɓa tsallake wannan ƙwanƙwasa ba sai ran nan, kuma don maganata ka tsallake.

Mushe ya rubuta a takardarsa cewa ganganci ka yi. Ina wurin, na ji, na bar shi ya rubuta. Ranar sadakar uku matarka Tasalla ta aiko mini da kilen nan, ta ce a ba amininka, shi ya fi cancanta. Mutane na ta ba ni haƙuri suna cewa kwana ne ya ƙare. Na sani, ba mai wuce ranarsa. Amma sanin bai rage mini komai ba, kuma ba na sa ran zai rage. An rufe inji da tamfal, ƴan aiki sun watse, ni kuma ko tasa ta faɗi a gida sai in kasa kunne.

Allah Ya jiƙan ka, Gado, Ya yalwata kabarinka, Ya sa alherin da ka yi wa tsohuwata ya zame maka inuwa ranar da babu inuwa sai tasa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinka, da ɗiyarka Ramatu, da ɗaukacin mutanen Jiratawa. Allah Ya ba ku haƙurin da ni ban samu ba.

Tasalla, ga kilen nan na haɗo da wannan takarda, ba hannuna ya dace da shi ba. Ban ce ki yafe mini ba, ba ni da fuskar roƙon wannan. Abu ɗaya nake roƙo: a karanta ta a gaban jama'a ranar sadakar arba'in, ina zaune. In Ramatu ta girma ta tambaya, a gaya mata ubanta bai yi ganganci ba. Ni ne na ce masa na ƙwanƙwasa.