Littafin da Na Hana Aro

Shekarun baya, zamanin mulkin soja, ni ke riƙe da wani ƙaramin ɗakin karatu a Azare. Ɗaki ɗaya ne, kanta huɗu, benci biyu. Ƙarfe takwas nake buɗewa, in yi shara, in goge littattafai ɗaya bayan ɗaya, sannan in zauna. Iyalina suna ƙauye a lokacin. Sai in wuni ban ji komai ba sai ƙarar tafiretar abokin aikina, wani mutumin kudancin Bauchi da ofishinsa ke jikin nawa.

A kantar sama akwai wani tsohon littafin Turanci a kan ƙasar Katagum. Ya fara da asalin mutanenta, ya bi ta yaƙe-yaƙen kan iyaka da Barno, can ƙarshe ya zo kan dazuzzukan da aka fara keɓewa, har da taswira. A cikin bangonsa na rubuta da jan biro cewa ba a fita da shi. Ba wanda ya sa ni. Ni na kafa dokar.

Mutum ɗaya ne ke neman littafin, wani dattijo daga wani ƙauye kusa da garin Katagum, tsohon malamin daji. Ba ya karanta Turanci. Duk sanda ya shigo Azare sai ya zauna a benci in fassara masa shafi ɗaya, yana gyara mini sunayen itatuwa. Ban taɓa gaya masa ba, amma nakan jira zuwansa.

Wata rana ya zo ya ƙi zama.

Ya ce, "Malam, aro na zo yi. Za a sare kurmin bakin kogi a yi gonaki. Na ce keɓaɓɓe ne tun ina saurayi, sun ce in kawo shaida gaban dagaci."

Na ce, "Baba, ba a fita da shi."

"Wa ya ce?"

Na buɗe bangon na nuna masa. Ya dubi rubutun, ya dubi jan biron da ke aljihuna.

Abokin aikina ya leƙo ta taga ya ce, "Oga, ba shi mana. Littafin nan ma yana so ya sha iska."

Ban kula shi ba. Na yi wa dattijon alkawari zan kwafe masa da hannuna in kai masa har gida. Ban tambaye shi ranar da za a zauna gaban dagacin ba.

Ni kuwa ban iya fara abu daga tsakiya ba. Na sayi sabon littafin rubutu, na ja layi da rula, na fara daga shafin farko. Na kwafe asali, na kwafe yaƙe-yaƙe, na zana taswirar a ƙarshe, inda take. Mako uku na yi, ina ma jin daɗin kaina.

Ranar Asabar na hau motar kasuwa zuwa Katagum, na ƙarasa da ƙafa. Tun kafin in isa na ga kututtura. Kanya, tsamiya, marke, duk a kwance, wasu suna hayaƙi. Na tarar da dattijon a ƙofar gida. Ya karɓi kwafin da hannu biyu, ya juya shafukan a hankali har ya kai taswirar, ya ɗora yatsa a kan kurmin.

Ya ce, "Hannunka yana da kyau, Malam. An zauna kwana goma da suka wuce."

Ya sa aka dama mini fura. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Daga ranar bai sake zuwa ɗakin karatun ba. Na ƙara shekara huɗu a wurin, ba wanda ya sake cewa in sauko da littafin.

Ban sani ba ko taswirar za ta hana sara. Wataƙila da ba ta hana ba. Abin da na sani shi ne shafi biyu kawai yake bukata, aikin da zan gama tsakanin azahar da la'asar yana zaune yana jira. Har yau ina son tsari, ba zan ɓoye ba. Amma in mutum ya zo mini da bukata, kafin in buɗe baki in faɗi doka, sai na tambaye shi: yaushe kake so?