Azara Biyu da Na Wanke

Duk sanda ruwan farko ya sauka, ɗakina na Kalgo yakan tashi da ƙamshin tsohon hayaƙi da ya ji danshi. Jikokina sun ce wari ne. Ni kuwa da na shaƙe shi sai in ɗaga kai in dubi azarar rufin, baƙaƙe ƙirin, in tuna ɓarnar da na taɓa yi musu da kyakkyawar niyya.

Ina 'yar shekara takwas ko tara lokacin, Turawa ba su tafi ba tukuna. Babana ya sami gonar fadama a Kalgo, ya ce mu taso daga Gwandu. Ya gina bango ya kai inda ake so, sai rufi ya tsaya, don sabuwar azara, wato giginyar da ake fasawa a jera a rufin soro, ba ta aiki sai ta daɗe tana bushewa. Ga damina ta matso, ga innata da tsohon ciki. In ba a rufe ɗakin ba, a bukka za ta haihu, ruwa kuma ya cinye bangon.

Sai kakana ya ce a rushe tsohon soron ajiya na gidanmu a ɗauki azararsa. Ubansa ne ya gina shi. A ciki ake ajiye hatsi, a ciki mata suke girki da damina, a rataye zangarkun iri a sama hayaƙi yana bugunsu.

Ranar da magina suka kwashe ƙasar rufin ban manta ta ba. Haske ya faɗo cikin ɗakin da ban taɓa sani ba sai a duhu, na ga azara jere, wannan ta hau kan waccan kamar saƙar tabarma. Na tsaya baki buɗe. Idanun kakana sun riga sun tafi, don haka ɗaya bayan ɗaya ake ajiye su gabansa, ya ƙwanƙwasa da sandarsa, ya karkata kunne. Uku kawai ya ce a kai murhu. Sauran suka amsa masa da ƙara tas, itacen da aka sare tun shi kakan nawa yana goye. Ya ce namijin giginya ne, daga wajen Ceberu ubansa ya jawo su.

Raƙuma suka ɗauke su, muka bi ta Kambaza, tsohon yana bisa jaki, ya rantse sai ya ji an ɗora su da kunnensa. A Kalgo aka jibge su gindin tsamiya. Matan unguwa suka zo yi wa innata barka da zuwa, na ji wata tana dariya, wai sabon ɗaki da itace kamar gindin tukunya. Abin ya ci mini rai. Ni kuwa an san ni da iya goge ƙwarya, har yabona ake. Ran Juma'a da maza suka tafi masallaci, na ɗebo yashi da tsingaro da ruwa, na durƙusa. Kafin su dawo na kankare biyu, sun fito jajur, ina ta jin kaina.

Kakana ya zauna, ya miƙa hannu yana shafa azarar kamar yadda ya saba, sai hannun ya tsaya.

"Wa yat tuɓe ma waɗanga rigassu?"

Na ce, "Ni ta, Kaka," ina jiran yabo.

Bai yi faɗa ba, ya jawo ni kusa da shi. "Matata, wanga baƙi ba dauɗa ta ba. Hayaƙin tuwon uwata na, da na kakakki. Shi ka hana ƙwaro shiga."

Babu rarar ko ɗaya, sai ya sa aka ɗora biyun nan a gefe, jikin bango, inda nauyi ba shi da yawa.

An gama daɓe rufin ke nan ruwa ya zo, wata la'asar, kamar da bakin ƙwarya. Indararo yana ta ambaliya, ni ina tsugune idona a sama, amma ko ɗigo bai sauko ba. A ɗakin aka haifi ƙanena. Sai dai ban huta ba, kowace damina biyun nan nake dubawa. A shekara ta huɗu, kakana ya riga ya rasu, na ga wani gari-gari ya zubo bisa tabarma, daidai ƙarƙashinsu. Babana ya sauya su.

Yau Kalgo ta cika da bulo da kwano, har jami'a gare mu, da katakon da gara ke cinyewa kafin a yaye yaro. Bara ɗana ya zo da mai fenti, wai a kankare rufin a shafa fari, ɗaki ya yi haske. Na nuna masa gurbin biyun can na jikin bango, na ce su kaɗai aka taɓa wankewa, su kaɗai kuma aka taɓa sauyawa. Mai fenti ya sha ruwa, ya ɗauki bokitinsa ya koma.