Jan Fenti a Bayan Faranti

A bayan kowane babban faranti na gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka akwai suna da jan fenti. Mahaifiyarmu ce ta fara rubuta shi, don in an kai abinci gidan biki ko zaman makoki, farantin ya dawo. Sunan kakanmu ne, wanda ya iso Makka da ƙafa ta Chadi da Sudan. Duk wanda ya ji shi ya san mu Hausawa ne.

Da ɗan ƙanena zai auri 'yar wani babban gida, sai ƙanen nawa ya zo ya ce in kankare sunan kafin a kai wa surukai abinci. Wai kada matansu su kifa faranti su yi ta ƙus-ƙus. Ya ce har ya fara tambayar yadda ake sauya sunan iyali a takarda.

Ni mace ce mai yawan damuwa, ko alwala na yi sai na yi shakkar na wanke gwiwar hannu. Na ce in na ƙi, auren ya lalace, alhakin yana kaina. Kuma malamai sun hana alfahari da dangi, anya ba shi nake yi ba? In kuma na kankare, me zan ce wa mahaifiyata? Na ɗauko wuƙa na goge harafi ɗaya, hannuna ya ƙi ci gaba.

A haka 'yar ƙanen nawa ta same ni, wadda ke karatun tarihi a jami'a, Larabcinta ya fi Hausarta. Ta nuna mini hoton wani dutse a waya. Ta ce wasu mutane ne a ƙasar Italiya tun kafin zuwan Musulunci, ana ce wa harshensu Oskanci, har daga dama suke fara rubutu kamar Larabci. Harshen Rumawa ya haɗiye nasu, yau babu mai yin sa. Amma sunayen gidajensu suna nan a kan duwatsu: sunan mutum, sunan gidansu, sunan ubansa.

Na tambaye ta ko kowa aka rubuta. Ta ce yawanci manyan gidaje ne masu riƙe da mulki.

"Talakawan fa?"

"Su ba su da dutse, Gwaggo."

Nan raina ya ɓaci. Ashe tun can masu hali ne ke barin suna, mu kuma a ce mu goge namu da hannunmu. Ba mu da dutse, amma muna da faranti. Na aika a sayo fenti, na bi su ɗaya bayan ɗaya na sabunta rubutun.

Da ƙanena ya gani ya ce, "Yaya, so kike ki kunyata ni?"

Na ce, "Kakanka sata ya yi? Tafiya ya yi zuwa ɗakin Allah."

Ya fita bai yi sallama ba. Har ranar ɗaurin aure ban sake taɓa wuƙar ba. An kai abinci, an ɗaura aure. Ko matan sun yi ƙus-ƙus, ban ji ba.

Takardarsa tasa ce, ya sauya in ya ga dama. Farantan nawa ne. Farantin da na fara kankarewa shi nake fara ɗorawa a kan duk wanda zai fita da abinci.