Wayar da ta bi ta saman gadonmu

A gidanmu na Wamakko, da sanyi ya shigo, Kakata Ige ba ta barin murhu ya mutu bayan tuwo. Sai ta tura kara biyu ciki, ta miƙe ƙafafunta masu tsagewa kusa da garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta iya labari da hannu wofi ba, kullum tana ɓarar gyaɗa ko tana gyaran auduga. In ta shirya sai ta ce, "To, ga ta nan tahe, ku matsa mata." Mu ce, "Ta shigo, Kaka."

Yawancin labaranta na dariya ne. Amma akwai ɗaya da ba na so, shi kuma ne ya fi zama a kaina.

Wai wani manomi ne damina ta yi masa yawa, ruwa ya dinga dukan shukarsa har ta kwanta. Sai ya kwashe 'yan tsiron da suka rage ya kai ɗaki, ya fita ya roƙi Rana ta shigo ta renar masa su. Rana ta ce ta yarda, amma ta ina za ta bi? Ya dubi ƙofa, ya ga in ya buɗe ta iska zai shigo da ruwa. Ya dubi bango, ya ga fasa shi aiki ne. Sai ya huda karan dawa, ya soka ta jinka, ya ce ga hanya.

Nan Kaka takan ƙanƙance murya ta zama Rana. "Kai bawan Allah, wagga hanya ta yi man kaɗan. Ni babba ta." Sannan ta kumbura kumatu ta zama manomi: "Matsa dai ki shigo, na yau ɗai na."

Rana ta matsa ta shiga. Karan ya ɗauki ɗumi, ya yi baƙi, jinka ta kama.

"Kaka, to Rana muguwa ce?" in ji ƙanena.

"Mi tay yi? An kira ta, ta zo. Ku tashi ku kwanta, ta ƙare."

Yanzu ina aure a Tudun Wada, cikin birni, ina da jaririya 'yar wata bakwai. Maigidana ya yi aiki da wani kamfanin gina hanya, yana taya masu haɗa wuta. Da aikin ya ƙare aka sallame su, ya dawo da manyan ƙwayayen fitila guda huɗu, irin waɗanda ake haska filin aiki da su. A rediyo kullum gwamnatin soja na cewa a koma noma. Shi kuma ya ce zai reni irin tumatir da tattasai a ɗakin da ke manne da namu, inda ruwan sama ba zai doke su ba, ya riga kowa kai wa manoman fadama dashe.

Ba wai bai san aikin ba. Na gan shi ya zana komai da gawayi a jikin bango: waya mai kauri za ta taso daga mita ita kaɗai, da fiyus nata, ƙwayaye biyu a makunni ɗaya, biyu a wani. Ya ce kowace ƙwaya tana jan wuta kamar dutsen guga, don haka ba a haɗa su da layin ɗaki. Ya zaga kasuwa bai sami wayar ba. Masu shago suka ce kaya na can cikin jiragen ruwa a Ikko, sun kasa sauka, kowa gini yake yi, 'yar da ta iso 'yan kwangila sun kwashe. Iri kuwa ya riga ya tsiro a kwanuka.

Sai ya ja wutar daga siririyar wayar fitilar ɗakinmu, wadda ta bi azara daidai saman gado. Fiyus ya tsinke. Ya sa wani, ya tsinke. Sai ya murɗa jan ƙarfe mai kauri ya sa a gurbinsa, daga nan bai ƙara tsinkewa ba.

Ni ban yi boko mai nisa ba. Amma na san yadda ake duba zazzaɓi. Na hau turmi na ɗora bayan hannuna a kan wayar, na ji ta kamar goshin yaro mai masassara. Washegari robarta ta yi laushi, tana wari.

Da hantsi yana shayar da irin, na tsaya bakin ƙofa da yarinya a baya.

"Maigida, wayar ga ba ta da lahiya."

Ya yi dariya. "Luba, yaushe kika zama injiniya? Mako biyu ɗai na, mu kai dashe."

"Ban san wuta ba. Amma hau ka taɓa. Nan ƙarƙashinta ɗiyarka take kwana."

Ya hau, ya taɓa. Ya daɗe a kan turmin, hannunsa a kan wayar. Da ya sauko ya kashe makunni, ya jira ƙwayayen suka huce, ya kwance uku ya naɗe su a tsumma, ya mai da fiyus na gaskiya. Ƙwaya ɗaya ta rage. Kwanukan da ke nesa da ita suka yi tsawo, suka yi fari, suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Yana kwashe su yana zubarwa bayan gida, ba ya dubana. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Bana ba mu san abin da zai kama ba.

Ina yarinya na ɗauka manomin nan wawa ne. Yanzu na ga ya san karan ya yi kaɗan, shukarsa ce ke mutuwa yana kallo. Abin da ke hana ni sukuni kuwa, duk shekarun da Kaka ta yi tana ba mu labarin, ba ta taɓa faɗin wa ke kwance a ɗakin ba. Mu ma ba mu tambaya ba. Ta rasu, ba ni da wanda zan tambaya, amma ina jin na san dalilin da ya sa take korar mu kwanciya daga jinka ta kama, tun kafin waninmu ya tambaya.