Kawu Ila da Ƙyallin Motarsa

Duk wanda ya san Kawu Ila, ƙanen mahaifiyata, ya san butarsa biyu ce: ɗaya ta alwala, ɗaya ta mota. Tun da ya bar aikin tuƙi a Tasawa ya dawo Korgom da tsohuwar motar nan tasa shuɗiya, kullum da hantsi sai ya fesa mata maganin ƙyalli na gwangwani, siraji yake ce masa, ya goge da tsohon rawani. Sannan ya tsiyaya ruwa a goshin motar, ya duƙa yana kallo. In ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar gero yana gangarewa, ranar kowa ɗan gida ne. In ya shimfiɗe kuwa, ko gaisuwa sai da dabara.

Matarsa Inna Hajo takan ce, "Malam, ruwan ga hwa da kaina na ɗauko shi daga rijiya!"

"Hajo, dubi nan! Ko ɗigo bai zauna ba."

"Shi na gani ai. Ni da ɗauka, ƙasa da sha."

Santsi kuma da hula yake gwada shi. Ya taɓa mayar wa wani mai shago gwangwani guda, wai ya ɗora hularsa a kan motar ta zauna daram.

Mai shagon ya ce, "Baba, wannan daga ƙasar waje ya zo!"

"To ya koma, ɗana. Hulata ba ta yarda da shi ba."

Ranar da ya samu na kirki, hular ta sulale ta faɗa cikin kashin shanu. Wallahi ɗaga ta ya yi sama yana kiran maƙwabta su zo su shaida!

Akwai ranar da Liman ya zo sa wa motar albarka. Ya yi addu'a ya tofa, kowa ya shafa, Kawu kuwa idonsa na kan fenti. Sai muka ji ya ce, "Allahu akbar! Malam, ko tofinka bai kama ba!" Astagfirullah, Liman kansa sai da ya riƙe ciki don dariya.

Yaro bai isa ya jingina da motar nan ba, akuya ma ta san iyakarta. Shi ya sa a daminar da zazzaɓi ya kama 'yata Rabi har ta fara shiɗewa, na tsaya a ƙofar gidansa ina jin nauyin tambaya. Kallo ɗaya ya yi mata.

"Shiga, Hadiza."

Ruwa ya cinye hanya, sai ya yanki daji ta cikin ƙaya. Ina jin rassan suna kartar motar, ƙiii, ta kowane gefe.

"Kawu, fentinka!"

"Ke riƙa mini jikata! Wa ya tambaye ki fenti?"

Muka isa asibitin Tasawa da sauran numfashinta, kuma Allah ya tashe ta. Motar ta dawo da zane kamar an yi mata tsaga. Masu gareji sun sha ce masa ya kawo a shafe, ya ƙi. Har ya koma ga Allah, in aka tambaye shi sai ya ce, "Wannan na Rabi ne, ku bar shi."

Ya Allah, bawanka Ila ya kai mini 'yata a kan lokaci. Ka yafe masa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka haskaka fuskarsa ranar da za mu tsaya gabanKa. Amin.