Shekarar da Muka Yi Binne

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji huɗu a firamare. Da asuba aka tafka ruwa a Gyadi-Gyadi, irin wanda ke cika kwata ya leƙo zaure, kuma tun indararo bai daina zuba ba Baba ya fito da kekensa tsakar gida ya kifa shi, tayoyi sama, yana ɗiga wa sarƙa baƙin mai. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, kowa ya fito da bokiti yana tarar ruwa, shi kuwa sai murmushi yake yi shi kaɗai. "Ruwan shuka ne wannan," ya ce wa Inna. "Ɗauko mini irin nan." Ina tsugune ina fama da wanke-wanken da ya kwana, sai ya juyo ya ce, "Uwata, ajiye kwanukan nan, yau ke ce mai zuba iri." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Ko hannu ban tsaya ɗaurayewa ba.

Baba lebura ne a asibiti, yana tura marasa lafiya a gado mai taya daga wannan ɗaki zuwa wancan, amma in ka tambaye shi sana'arsa manomi zai ce maka, ko gezau. Gonarsa ta gado tana ƙauyensu, kudu da Kano, can gaba da gadar Tamburawa, kuma da wannan keken yake zuwa noma ta a ranakun hutun da ba ya samu sai jefi-jefi. Irin kuwa gero ne da ya zaɓa da hannunsa a kakar bara, zangarniya bayan zangarniya, Inna ta cakuɗa shi da toka ta liƙe a tulu. Bazarar nan mun sha wuya. Akwai ranakun da kunu ne safe, kunu ne dare, na kuma sha ganin Inna ta ƙura wa tulun nan ido. Sau ɗaya ta yi magana, ta ce, "Malam, ko kwano ɗaya mu daka wa yaran nan." Ya ce, "Wannan na ƙasa ne, ba na tukunya ba." Ba ta sake ba, amma kwana biyu tana ajiye masa kwanon kunu da ƙarfi. Ko ni na san idan irin nan ya salwanta babu wani, kuma yunwar da muka yi ta tashi a banza.

Ya ɗaure sungumi a jikin keken, ya ɗora buhun irin a gaba, ya naɗa mini tsohon zanen Inna a kan kariyar bayan keken don kada ƙarfe ya ci ni. Muka bi titin Zariya, muka ratsa Unguwa Uku da hayaniyar 'yan kamasho, motoci na watsa mana ruwan kwata, ni kuwa na ƙanƙame rigarsa ina jin ba wadda ta kai ni a duniya. Ƙawayena suna can suna 'yar gala-gala a ƙofar gida, ni ga ni a hanya. Bayan gada muka bar kwalta muka faɗa hanyar ƙasa, daga nan ƙasar ta daina zama shimfiɗaɗɗiya. Ka hau tudu, ka gangara kwari, ka sake hawa. A hawa Baba kan miƙe a kan feda, keken na kuka shi yana nishi, in abin ya gagara mu sauka mu tura. A gangara kuwa sai ya saki burki ya ce, "Riƙe ni da kyau!" Iska ta cika mini baki, ɗankwalina na neman tashi, ina ihu ina dariya. Ta ko'ina mutane ne a gonaki, maza na sara, mata da yara na bin su da ƙoƙo, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika hanya. Duk inda muka tarar da dattijai a gindin ɗorawa sai Baba ya sauka ya gaishe su, abin da ya riƙa ba ni haushi, don ni gangara nake so.

A kan kowane tudu kuma sai ya tsaya ya ce in tona. In durƙusa in haƙa ƙasa da hannu har inda danshi ya ƙare, in nuna masa. A tudun farko hannuna ya nutse har gwiwar hannu. A na gaba ya tsaya a wuyan hannu. Da muka ƙara gaba, tsawon yatsa kawai na samu, sai busasshen yashi. Baba ya daina ba ni labarin itatuwa da sunayen masu gonaki. Ni ma na daina ihu da dariya, don yaro ba ya buƙatar a gaya masa cewa ran ubansa ya ɓaci.

Akwai wata ƙorama kafin gonarmu. Muna tsallake ta taya ta fara tayar da ƙura. Ruwan da ya hana mutanen Kano barci ya zo bakin ƙoramar nan ya tsaya, ko ɗigo bai haye ba. Maƙwabcin gonarmu, Malam Ado, yana zaune a gindin gawo yana gyaran ƙotar fartanya, ya taso ya karɓi keken. "Sannunku da hanya. Wallahi muna kallonsa, Malam Garba, muna jin ƙamshinsa, ya juya ya tafi." Baba ya zauna a kan kunyar bara ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ban taɓa ganinsa ƙarami ba sai ranar, tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Abu biyu ne a gabansa. Ko ya koma da irin, alhali bai san ranar da za a sake ba shi hutu ba, shuka ta wuce shi. Ko ya yi binne, wato ya shuka a busasshiyar ƙasa ya bar wa Allah. Malam Ado bai ɓoye masa komai ba: in ruwa ya jinkirta tururuwa da zabi su kwashe, in kuma yayyafi aka yi, irin ya tsiro ya ƙone. Baba ya daɗe yana kallon gabas, inda babu ko gajimare ɗaya. Sannan ya mayar da hularsa, ya kwance sungumi ya ce, "Bismillahi. Uwata, biyo ni." Yana sara ina zuba iri ina rufewa da diddige, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa. Da la'asar muka zazzage buhun, babu ko ƙwaya.

Da muka dawo gida Inna ta dubi buhun, ta dubi ƙurar da ke ƙafafunmu, ta gane. Na zaci za ta yi faɗa. Ruwan wanka ta kai masa, ta ce, "Allah Ya sa albarka," ni kuma ta gasa mini ƙafa da ruwan ɗumi.

Jiran ne ya fi tafiyar wuya. Ba waya a lokacin, ba mai kawo labari. Sai Baba ya ɓullo da wata dabara: kullum da sassafe, kafin ya wuce aiki ni kuma in wuce makaranta, mu tsaya a bakin titin Zariya muna duban kekunan mutanen ƙauye masu kawo itace da kaji kasuwar Tarauni. Ba fuskarsu yake kallo ba, tayarsu yake kallo. In ya ga laka sai ya tare mutum ya tambaye shi daga ina. Wasu su amsa, wasu su ɗauka taɓaɓɓe ne. Matan gidanmu har tsokanarsa suke yi, suna cewa, "Malam Garba, yau an samu taɓo?" Shi dariya yake yi, ni ce nake hura hanci a madadinsa. Haka muka yi ta yi, har wata safiya wani mai kaji ya iso da jar laka har kan feda, ya faɗi sunan ƙauyen da ke gaba da namu. Baba ya ɓanɓaro lakar ya murza a yatsunsa, ya riƙe hannun mutumin yana ta godiya, sai ka ce shi ya yi ruwan.

Da hutu ya samu muka sake hawa. Wannan karon ko dattijan gindin ɗorawa daga kan keke ya ɗaga musu hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Daga kan tudun ƙarshe muka hango gonar. Ɓangaren jigawa fayau yake, tururuwa sun gama da shi. Amma daga tsakiya zuwa kwari ga gero nan ya fito layi-layi, kore shar, iska na kaɗa shi. Muna isa Baba ya yar da keken a ƙasa, ya shiga gonar yana tafiya a hankali tsakanin layuka, yana sunkuyawa yana shafa ganyen. Ya juyo yana dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Rabi ya isa, Uwata. Rabi ya ishe mu." Ya kuwa ishe mu, mun ci tuwo har wata bazarar, Inna ta sake cika tulunta.

Yanzu ina zaune a Tarauni da 'ya'yana, Baba kuma ya daɗe da rasuwa. Gonar tana nan, ɗan Malam Ado ke noma mana ita. Idan aka yi ruwa sai in ɗaga waya in tambaye shi, kafin in ajiye cokali na ji amsa, wani lokacin har da hoto. Sauƙi ne, ba na musu, kuma ba na yi wa kowa fatan zullumin da muka sha. Sai dai ban taɓa jin labarin ruwa ta waya na yi hawaye ba. Abin da muka sha wuyar jiransa, shi muka fi sanin daɗinsa.